Matatar Inna Tana Cikin Leda

Zuwa ga ƙanena, Farfesa Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can, ya Maryam da yara? Mu nan Dutse sai godiya.

Kai, matatar ruwan nan da kuka ƙirƙira a jami'arku akwai ƙarko! Tun da ka aiko wa Inna ita Miga ba ta taɓa lalacewa ba, don ko ledarta ba a ɓare ba. Tana saman kabad cikin kwanukan ado, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa aikin ɗanta. Ruwan sha kuwa na rijiya ne, a tace da gefen mayafi.

Da ambaliya ta shiga rijiyar, amai da gudawa ya kwantar da gidan. Gwaggo Hansai mun kai ta makwancinta ranar Laraba. Inna tana asibiti a Jahun, ta hana a kira ka, wai kada a katse maka bincike.

Na ce bari in haɗa matatar kafin a sallame ta. Ta ce a'a, sai mai ita ya zo da kansa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida iyali. In ce mata ta ci gaba da jira?

Yayanka,
Sabo