An ce in tsaya gaban coci in ƙaryata yarinyata

Salama gare ku 'yan'uwa, Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyun nan ko abinci ba ya mini daɗi.

Ni malamar firamare ce a Illela, kuma ni nake jagorantar zumuntar matasa a cocinmu, yara 'yan shekara sha uku zuwa sha takwas. Cocin ƙarami ne, yawancinmu aiki ko kasuwanci ya kawo iyayenmu bakin boda, kowa ya san tukunyar kowa. Duk Asabar bayan mun gama koyon waƙa, mukan zauna a da'ira ƙarƙashin darbejiya, kowa ya faɗi abin da ke damunsa mu yi masa addu'a. Abu biyu na koya musu, maganar da'ira ba ta fita waje, kuma in za ka yi wa mutum addu'a ka kira sunansa, ka faɗi damuwarsa, ban da kewaye-kewaye.

Akwai wata yarinya, bari in kira ta Ladi, tana aji biyu a babbar sakandare, ita ke ja mana waƙa. Wata Asabar muna zaune a da'ira ta fashe da kuka ta ce tunda harkar boda ta yi sanyi babanta ya koma tsallakawa Ƙwanni ta Nijar yana shan giya, in ya dawo sai ya huce a kan mamanta. Baban nan dattijon coci ne, shi ke raba mana jibin Ubangiji. Na rungume ta muka yi addu'a, ina ta tunanin yadda zan samu maman a keɓe.

Ban kai ga haka ba makon matasa ya zo, ranar da yara ke gudanar da sujada gaba ɗaya. Na ba ƙaramin cikinsu addu'ar roƙo, yaro mai zuciya ɗaya, ko ƙaryar wasa bai iya ba. Ya rufe ido ya riƙe makirfo, ya roƙa wa marasa lafiya, ya roƙa wa ƙasa, sai kawai na ji yana cewa Uba ka taimaki baban Ladi ya daina sha, ya daina dukan mamanta. A wurinsa ai da Allah yake magana, bai fitar da komai waje ba. Amin ɗin ma mutum biyu ko uku ne suka ce, da na buɗe ido baban yana zaune a layin gaba, maman ta rufe fuska da ɗankwali.

Tun daga ranar nan, Ladi ba ta sake zuwa zumunta ba. Baban ya kai ni ƙara wurin dattawa, wai na mayar da zumunta wurin tonon asirin gidaje, ina koya wa 'ya'ya raina iyaye. Na ce ku tambayi matar mana, aka kira ta, ta sunkuyar da kai ta ce ita babu abin da ke faruwa a gidanta. Raina ya ɓaci har na ɗaga murya, Fasto ya ce in zauna. Yanzu baban ya ce zai cire Ladi daga makaranta ya kai ta ƙauye wurin yayarsa, sai dai in na tsaya gaban jama'a Lahadi mai zuwa na ce yarinta ce, labarin ƙirƙira shi ta yi. Dattawa sun ce in yi haka don zaman lafiya, ai magana ce ta minti ɗaya.

Jiya na gamu da Ladi tana ɗibar ruwa, ta rame, ta kalle ni ta ce, "Anti, ki hwaɗa musu ƙarya na yi, ni dai in gama makaranta." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na dawo gida na yi kuka kamar an yi mini rasuwa.

In na ƙi, karatunta ya tafi, maman kuma ta rage ita kaɗai a gidan nan. In na yarda, zan kira ta maƙaryaciya a gaban mutanen da ta girma a hannunsu, alhali ni na ce mata ta faɗa babu komai. 'Yan'uwa me zan yi? Ita da kanta ta ba ni izini, amma in ku ne, za ku iya buɗe baki ku faɗa tana zaune tana kallonku?