Jeri Biyu, Wuri Ɗaya

Litinin, 7 ga Afrilu
Gargaɗin sanyi bai isa ga manoman inabi na Fargona ba sai bayan la'asar. Laifin manhajata ne, wadda na rubuta tun gashina yana baƙi. Minti hamsin take ci wajen haɗa jerin alƙaluman tashoshin auna yanayi na tudu da na kwari. Shugaban ofishinmu na hasashen yanayi ya ce in ba ta gyaru kafin Juma'a ba, za a jefar da ita a sayo wata.

Talata, 8 ga Afrilu
Gulnoza, da ke jagorantar sashenmu yanzu, ta zauna kusa da ni da butar shayi. Ta kira ni da "aka", wato yaya, ta ce, "Tolib-aka, don me kake kwafe kowane abu ɗaya-ɗaya? Ka keɓe wurin da zai ishe su tun farko, ka kwaso su dungurungum." Na ce to jerin farko fa? Ta ce, "Ya zama fanko. Wa ke komawa kansa, aljanu?"
Na ce 'yata, ba a haka. Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.

Laraba, 9 ga Afrilu
Ba ta san zamanin faifan maganaɗisu ba. A 1986 na kwashe alƙaluman damina guda daga wani faifai zuwa wani, wuta ta ɗauke a tsakiya. Babu nan, babu can. Marigayi Ergash-aka, shugaban sashenmu a lokacin, bai zage ni ba, ya dai miƙo min rabin gurasarsa ya ce, "Ci, gobe za mu sake bugawa da hannu." Mako bakwai muka yi. Na fi kewar wannan ɗakin kwamfuta mai sanyi fiye da gidan da aka haife ni.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na bi manhajar layi-layi, ina neman inda ake sake karanta jerin farko, don in rufe mata baki. Babu. Kuma asalin alƙaluman suna ajiye a tashoshinsu. Shekara nawa ina gadin buhun da ba kowa ke buɗewa?

Juma'a, 11 ga Afrilu
Na gwada dabarar Gulnoza. Gwaji kawai. Minti huɗu.
Gargaɗi ya fita kafin la'asar, shugaba bai sake zancen saye ba. Gulnoza ta leƙo: "Aka, ka tuba ke nan?" Na ce tsoho ba ya tuba, gajiya yake yi.
Akwai wasu wurare uku masu irin kwafin nan. Na gyara su bayan ta tafi cin abinci. Ba sai ta sani ba.