Hular Baba a bakin kogi

Laraba da dare, Greensboro

Kwana huɗu da dawowarmu daga Japan, har yanzu zancen hular nan bai sake ni ba.

A Takayama ne, ɗan ƙaramin gari cikin duwatsu. Na cire hular marigayi Baba na ajiye kan benci a bakin kogi don matata Rabi ta ɗauke ni hoto, muka tashi na manta. Sai washegari na tuna, ga shi an kwana ana ruwa. Na ce, "Ta tafi. Shekara ashirin na yi a Kantin Kwari, na san mutane."

Ta ce, "Baban Amira, mu je dai, ƙafarka ba za ta gutsure ba."

Muka je. Ga hula cikin leda, an ɗaure baki, an rataye a shingen bayan bencin, daidai inda ido zai faɗa. Na waiwaya ko wani na jiran godiya. Ba kowa.

Abin da nake ta juyawa ke nan: mai ledar nan, me ya ci a ciki?

Yau a wurin ajiye motoci na titin Wendover na tsinci tabarau ɗin wani. Na goge, na sa a leda, na ɗaure a sandar fitila. Rabi ta yi ta dariya, wai Alhaji ya zama ɗan Japan.

Ban faɗa mata ba, amma bayan na sauke ta a gida na koma wurin, na zauna a mota ina jiran in ga fuskar mai shi. Bai zo ba. Sai da na tayar da mota na tuna, wancan mutumin bai tsaya jirana ba.