Ƙurar da Ta Ƙi Kwanciya

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Kin tambayi abin da ya hana ni gama digirin nan. Gadin ƙura nake yi, Yaya, kada ki yi dariya. Lokacin da rana take jaririya, gajimaren gas da ƙura ne ya kewaye ta yana juyawa. A hankali ƙurar ta riƙa sauka tana taruwa a tsakiya, ta baje kamar faifai, daga nan aka samu duniyarmu. Wannan saukar nake kwaikwayo a kwamfuta.

Lissafina ya fito tsaf, ƙura ta kwanta luf. Sai Farfesa, tsohuwar da ke duba aikina, wadda muke kira Sake-Duba a bayan idonta, ta ce na mai da gas ɗin ruwan randa, ba ya motsi. Na sa masa hargitsi yadda ta ce, ƙura ta tashi ta ƙi kwanciya. Babi biyu sun rushe. In ban kare kundina a zangon nan ba, makaranta za ta sallame ni. Gaskiya na ji haushin matar nan.

Ki sa ni a addu'a.
Autanki

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, albishirinki: na ci.

Da na sake aikin, sai na ga ƙananan ƙwayoyin ƙura ne ke ta shawagi, waɗanda suka manne da juna suka yi nauyi su ke sauka. Mai jarrabawar da aka gayyato bai ko gyara zama ba ya tambaye ni game da hargitsin gas. Da tsohon lissafina na kai, da yanzu ina ɗaure kaya.

Na je ofishin Farfesa in yi godiya, na tarar da shi a kulle. Sakatariyarta ce ta gaya mini tun farkon zango likita ya ce a yi wa Farfesa aikin ido, ita kuma ta ce sai na kare kundina tukuna. Ashe da gilashin ƙara girman rubutu ta karanta kundina, layi-layi. Nan a barandar ofishin kunya da godiya suka rufe ni.

Ki yi haƙuri, ba zan zo makon nan ba. Jibi za a yi aikin, 'ya'yanta kuma suna nesa. Ni zan riƙe mata hannu zuwa asibiti.

Naki har kullum,
Autanki