Fiyanon Siddiƙ

Dapaong, ranar Talata

Yaya Salamatu,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna, yaya mutanen Komah? Ni lafiyata ƙalau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Sati uku ke nan ina neman ƙanenmu Siddiƙ. Jandarmomi sun ce an ga motar da yake tuƙawa a ƙone a hanyar kan iyaka, ba kowa a ciki. Jiya mai gidan da yake haya ta ce mini, "Ɗana, kwashe kayansa, wani zai shiga."

A akwatinsa na tarar da ƙaramin fiyanon nan mai batir da Baba ya kawo mana daga Lome muna yara. Har yanzu yana kuka kamar da. Bayan la'asar na zauna ina danna kiɗan da muke yi a tsakar gida. Rabi kawai na iya, domin kullum shi ke ƙarasa shi.

Kada ki gaya wa Inna maganar motar tukuna. Ki roƙi Malam Ahmadu ya sa shi a addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanenki,
Yasin