Na Kasa Sa Almakashi a Zannuwan Umma

Assalamu alaikum, Anti Fiddausi. Don Allah ki taimake ni, duk wanda na gaya wa damuwata dariya yake yi mini.

Ni tela ce a Dutse Alhaji. Bayan ɗinkin kaya, ina harhaɗa ƙyallayen atamfa in yi bargo, amma gaskiya a waya nake ganin na wasu in kwaikwaya. Ummanmu ta rasu bara. Da aka raba kayanta, zannuwanta suka faɗo a rabona, sai na yi wa ƙanwata Khairat alkawarin zan ɗinka mata bargo da su ta tafi da shi ɗakinta, don bikinta bayan babbar Sallah ne. Na ce wannan kam ba zan kwaikwayi na kowa ba.

To Anti, ina shimfiɗa zannuwan kaina ya ɗaure. Ga ja, ga ruwan goro, ga shuɗi mai manyan furanni, kowanne na neman danne ɗan'uwansa. Na je Karu wurin Madam Lucy, wadda ta koya mini sana'ar, sai ta ninke su ta ce kada in kuskura in yanka tukuna. Wai kullum da safe in yayyanka kwali da tsofaffin kalandu in riƙa jerawa a faifai, yau da launi biyu kacal, gobe da siffa ɗaya ina jujjuya ta. Ni da amare ke layi a shagona! Maigidana Bello har tambayata yake ko firamare aka mayar da ni. Na ɗan taɓa, raina ya ɓaci, na watsar.

Ga biki na ƙaratowa. Da na ɗauki almakashi sai in mayar in ajiye, don in na ɓata, babu kasuwar da zan sayo zanin da Umma ta ɗaura. In yanka kawai in bar wa Allah, ko in koma wasan yaran nan?

Taki, Mai Almakashi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Umma.

Madam Lucy ba raina ki ta yi ba. Hannunki ya ƙware, amma idonki ya saba a zaɓa masa, shi take so ta horar. Kwali in ya ɓaci sai ki zubar ki yanko wani, shi ya sa ake koyo a kansa. Ki koma faifanki, Malam Bello ya yi ta tsokanarsa, ai da koyo akan iya.

Ga ƙari daga gare ni. Mu mun saba duba atamfa a kusa, muna yaba fure, alhali bargo daga bakin ƙofa ake ganinsa. Ki jera zannuwan a kan gado, ki ɗauke su hoto, ki mayar da shi baƙi da fari. Nan take za ki ga wanne ne mai duhu, wanne mai haske. In duk duhu ne, ki sa farin yadi a tsakaninsu su sarara. Tsarin da ya kwanta miki a kwali, ki fara ɗinka ƙaraminsa da ƙyallayen shago.

Ke ma kina da gaskiyarki, lokaci ba ya jira, kuma mai jin tsoro yakan fake da atisaye har abin ya wuce shi. Ki tsayar da ranar yanka kafin Sallah, ki sanar da Madam Lucy. Ajiye almakashin nan da kike yi kuwa kewa ce, kwali ba ya maganinta. Ranar yankan ki kira Khairat ta riƙe miki bakin zanin, ku yi bismillah tare. In kuka ya zo ku yi abinku, uwarku ce ku biyu.

Allah Ya sa albarka a ɗinkin, Ya kai mu bikin lafiya.

Anti Fiddausi