Har Yanzu Inna Ba Ta Samu Allura Ta Biyu Ba

Zuwa ga Mai girma jami'in da ke kula da rabon allurar rigakafin korona a yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni 'yar kasuwa ce, ina saro masara da dawa a Salka da Auna in kawo Kontagora. Ban saba rubuta wa hukuma ba, maganar mahaifiyata ce ta hana ni zama.

Na ɗaya. Inna tsohuwa ce, ga ciwon suga ga hawan jini. Da aka fara allurar ƙi ta yi, domin ta ji ana cewa duk wanda aka yi wa ba zai yi tsawon rai ba. Sai da na miƙa hannuna aka yi mini a gabanta sannan ta yarda. Aka yi mata ta farko, aka ba mu ranar dawowa. Muka dawo, aka ce ta ƙare. Muka koma, aka ce motar da ke kawowa ba ta iso ba. Kowane zuwa sai na ɗora tsohuwa a bayan babur, ta wuni kan benci cikin masu tari, mu koma gida yadda muka fito.

Na biyu. Ƙanena Sani direba ne a Saudiyya. Shi saƙo aka turo masa a waya, ɗauke da ranar zuwa da wurin da za a yi masa. An yi masa biyu tuntuni, yanzu don ta uku ake kiran sa. Ɗan maƙwabciyata da ke karatu a Maroko ma an gama masa. Duk kiran da Sani zai yi, da maganar allurar Inna yake farawa, har na fara barin wayar ta tsinke. Na ji a rediyo cewa ƙasashe masu ƙarfi sun saye allurar, sai ragowa ake turo mana, wata ma ta kusa lalacewa. Wannan ba laifinka ba ne. Amma a gaya mana ranar da za a samu, shi ma sai an jira jirgi daga waje?

Na uku. Maƙwabcinmu ya rasu kwanan baya bayan tari da sarƙewar numfashi. Ba a gwada shi ba, don haka ba zan ce cutar ce ba. Amma tun ranar ba ni da sukuni. Ina kasuwa, hankalina na gida. Ina cuɗanya da jama'a tun safe, in dawo in zuba mata abinci da hannun nan nawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, jiya Inna ta ce ba za ta ƙara zuwa ba, wai da abin kirki ne da ba a yi mata wasa da shi ba. Shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Roƙona, ranka ya daɗe: a riƙa sanarwa a rediyo da masallatai da coci-coci kafin allura ta iso. A fara da tsofaffin da aka yi wa ta farko. Waɗanda tafiya ke wahalarwa kuma a bi su unguwa, kamar yadda ake bin yara da ta shan inna. In ma'aikaciya ta shigo gidanmu da kanta, na san Inna ba za ta iya kallon idonta ta ce a'a ba.

Allah Ya dafa maka, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya ja kwanan iyayenka idan suna raye.

Wassalam.

Lami, mai hatsi,
Kontagora.